Ɗori da jinya: tarihin kula da mai karaya a kudancin Nijar bisa shaidar kalmomi

1. Gabatarwa

Manufar wannan ƙasida ita ce bin diddigin wani aiki da tarihin kiwon lafiya a ƙasarmu bai cika tsayawa kansa ba, watau jinyar mutumin da ya karye. Idan ana zancen karaya, hankali yakan tafi ga wanda ya mayar da ƙashi wurinsa, ko maɗori ne ko likitan fiɗa. Amma mayar da ƙashi aikin sa'a ɗaya ne ko biyu. Haɗewarsa kuwa takan ɗauki mako 6 zuwa 12 ga babban mutum. A cikin waɗannan makonni wani ne ke ciyar da mai karayar, yana juya shi, yana wanke shi, yana duban yatsunsa ko sun kumbura. A manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa, wannan mutum galibi ɗan'uwa ne da ya shimfiɗa tabarma kusa da gado ko a farfajiya.

Mu masu nazarin harshe ne, saboda haka kalmomi za mu sa gaba. Za mu duba kalmomin gado da Hausa ke da su game da karaya, sa'an nan ararrun da suka shigo tare da mulkin mallaka, mu jera su kusa da abin da aka sani na tarihi. Ra'ayin da muke son karewa shi ne: cikin shekaru ɗari da suka wuce an sauya hannun da ke ɗori, an kawo sababbin kayan aiki da sababbin sunaye, amma jinya ta zauna a hannun dangi, ba tare da an ba su sanin da sababbin kayan ke buƙata ba. A wannan giɓi ne ake hasarar hannuwa da ƙafafu da dama.

2. Kalmomin gado

Hausa ta rarrabe raunin ƙashi da gaɓa daki-daki. Akwai targaɗe, inda jijiya ta murɗe amma ƙashi bai taɓu ba. Akwai gocewa, inda kan ƙashi ya bar mazauninsa a gaɓa. Akwai tsagewa, akwai kuma karaya. Daga saiwa ɗaya muke samun karya (wani ya karya abu), da karye (abu ya karye), da karaya. Kalmar ta ƙarshe tana da fuska biyu: suna ce ta raunin ƙashi, kuma aikatau ce mai nufin mutuwar zuciya, kamar a ce «ya karaya» ko «zuciyarsa ta karaya». Duk wanda ya taɓa zama da mutumin da ya yi wata biyu kwance ya san ma'anonin biyu sukan haɗu a gado ɗaya.

Gyaran karaya shi ne ɗori, daga aikatau ɗora, watau aza wani abu bisa wani. Idan aiki ya yi kyau sai a ce ƙashi ya ɗoru. Mai sana'ar shi ne maɗori, jam'i maɗora, bisa tsarin da ya ba mu maƙeri da masaƙi da majemi: ɗafa-goshi ma-, da saiwa, da ɗafa-ƙeya -i. Wannan tsari na masu sana'a ne, waɗanda aka san gidansu, aka san daga wa suka gada.

Kalmar jinya (jiyya a wasu kare-karen harshen) ba ta bi wannan hanya ba. Idan aka ce «Audu yana jinyar uwarsa», Audu lafiyarsa lau. Idan aka ce «Audu yana jinya a Galmi», mai sauraro zai fi ɗauka Audu ne kwance. Haka «mai jinya» yana iya zama wanda ke bisa gado ko wanda ke bisa tabarma. Ko majinyaci, wanda aka gina daga jinyat- tare da ganɗantawar t zuwa c gaban -i, bai raba gardama ba: ana jin sa da ma'anar mai kula da marar lafiya, ana kuma jin sa, musamman a rediyo, da ma'anar marar lafiyar kansa. Harshe ya ɗauki jinya a matsayin hali da mutum biyu suka shiga tare, ya sa musu suna ɗaya. Bai ɗauke ta sana'a ba. Wannan bambanci tsakanin maɗori da mai jinya shi ne mabuɗin sauran bayaninmu.

3. Rabon aiki a gargajiyance

Abin da ake gani har yau wajen maɗora, a ƙauye da birni, yana nuna mana yadda aka raba aikin tun kafin zuwan Nasara. Ɗori gado ne. Yaro yakan koya ta hanyar riƙe wa mahaifinsa ƙafar da ake ja, kuma a masarautu da dama na ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Ɗori. Maɗori yakan laluba wurin da hannu, ya sa ƙarfafa su riƙe mai karayar, ya ja gaɓar har ƙashi ya daidaita. Sai ya shafa mai, sau da yawa man shanu, ya naɗa tsumma, ya jera karare ko tsinkayen itace da aka fiƙe, ya ɗaure. Tofi da addu'a suna tare da aikin daga farkonsa har ƙarshe. Bayan kwanaki yakan dawo ya kwance, ya duba, ya matsa, ya sake ɗaurewa.

Tsakanin zuwansa na farko da na biyu, komai yana hannun gida. Mata ke dama kunu da fura, su dafa abin da aka yi imani yana ƙara ƙarfin ƙashi. Namiji babba, ɗan'uwansa namiji ko matarsa ke kai shi bayan gida. Mace kuwa, uwarta ko ƴar'uwarta ko ɗiyarta, domin kunya ta tsara wanda zai iya ganin tsiraicin wa. Maƙwabta suna zuwa dubiya, kowa da ɗan abin da ya riƙo. Ba a biyan kowa a cikinsu, domin zumunci ne.

Malamai ma suna da nasu kaso. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Muhtasar na Halil, sun yi bayanin yadda mai rauni zai yi shafa bisa abin da aka ɗaure masa idan wanke wurin zai cuce shi. Sunan wannan ɗauri da Larabci jabira, daga saiwar da ta ba da jabr, watau mayar da karyayyen abu daidai. Likitan Andalus Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe wa wannan fanni babi a littafinsa At-Tasrif. Saiwar nan ce ta ba Turai kalmar aljebra, har ma a tsohon Sifaniyanci ana kiran maɗori «algebrista». Abin lura a nan shi ne, tambayar farko da mai karaya Bahaushe yakan yi bayan zafi ya lafa, watau yadda zai yi alwala da salla, tana da amsa a rubuce tun ƙarnoni da suka wuce, kuma mai jinya ne ke taimaka masa ya aikata ta.

Wannan tsari yana da ƙarfinsa. Karaya mai sauƙi wadda fata ba ta fashe ba, musamman ga yaro, takan haɗe ko da ɗori bai cika daidai ba, kuma mai karayar yana cikin danginsa, yana cin abincin da ya saba. Rauninsa yana wuri biyu: karayar da ƙashi ya huda fata, inda ƙwayoyin cuta ke shiga, da ɗaurin da ya matse har jini ya kasa gudana. Za mu koma kan na biyun.

4. Yadda jinyar ƙashi ta zama sana'a a Turai

Kafin mu duba abin da Faransawa suka kawo, ya kamata mu san abin da yake hannunsu da na maƙwabtansu a lokacin. Kalmar «orthopédie» wani likitan Paris mai suna Nicolas Andry ya ƙirƙiro ta a 1741, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin miƙaƙƙe da yaro. Da farko fannin na gyaran karkatattun gaɓoɓin yara ne. Daga baya ya haɗa da karaya. Wajen 1852 wani likitan soja na Holan, Antonius Mathijsen, ya fito da bandeji mai garin farar ƙasa wanda ke sandarewa idan an jiƙa shi. A 1865, a Glasgow, Joseph Lister ya yi maganin wani yaro da ƙafar amalanke ta karya wa ƙauri har ƙashi ya fito, ta hanyar tsabtace raunin da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ya buga sakamakon a 1867. A 1895 Röntgen ya gano hasken da ke nuna ƙashi ta cikin tsoka.

Ɗaya daga cikin iyayen fannin a Ingila, Hugh Owen Thomas (1834-1891), ɗan gidan maɗora ne na gado daga yankin Wales. Ya yi karatun likita, ya haɗa shi da abin da ya gani a hannun mahaifinsa, ya ƙera wani ƙarfe na tallabe cinya da ake kira da sunansa har yau. Robert Jones, wanda ya tashi a gidansa, shi ya yaɗa ƙarfen a rundunar Ingila lokacin yaƙin duniya na farko, mutuwar sojojin da suka karye a cinya ta ragu ƙwarai.

Sai dai duk waɗannan kayan sun zo da sabon nauyi. Gaɓar da aka rufe cikin filasta ba a ganin abin da ke faruwa a cikinta. Mutumin da aka ɗaure wa ƙarfe aka rataya wa nauyi ba ya iya juyawa da kansa. Dole a sami wanda ya san abin da zai duba. Agnes Hunt (1866-1948) tana cikin na farko da suka mai da wannan aikinsu. Ita kanta ta yi fama da ciwon ƙashin ƙugu tun tana yarinya, ta yi karatun jinya, ta buɗe gidan kula da yara naƙasassu a ƙauyen Baschurch a 1900. Robert Jones ya fara aiki tare da ita a 1904. Asibitin da ya fito daga wannan gida, kusa da Oswestry, yana ɗauke da sunayensu su biyu, mai ɗori da mai jinya. A can ke nan, sabon ɗori da sabuwar jinya tare suka girma.

5. Mulkin mallaka: likita ta zo, jinya ta tsaya gida

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. An kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa ta Afirka ta Yamma ta Faransa, «Assistance médicale indigène», a 1905, aka buɗe makarantar likita ta Dakar a 1918 domin horar da mataimakan likitoci da ungozomomi. Nijar ta zama koloni a 1922, aka mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Likitocin wannan zamani galibi sojoji ne, ƴan kaɗan ne a ƙasa mai faɗi, kuma abin da ke gabansu shi ne lafiyar soja da ma'aikata, da annoba: agana, sanƙarau, kuturta, ciwon barci. Karayar manomin da ya faɗo daga rumbu ba ta cikin lissafi, ta ci gaba da zuwa wajen maɗori.

Ma'aikacin da aka horar a wannan tsari, «infirmier», kusan kullum namiji ne, kuma aikinsa ya bambanta da na Agnes Hunt. Shi ke yin allura da lamba, ya wanke gyambo, ya raba kinin, ya yi tafinta tsakanin likita Bature da marar lafiya. A ƙaramar likitar daji, inda babu likita ko ɗaya, shi ke duba mutane ya rubuta magani. Mataimakin likita ne, a wurare da yawa ma madadinsa. Ciyarwa da wanka da juyawa da zubar da bahaya an bar wa wanda ya rako marar lafiya, wanda Faransanci ya kira «accompagnant» ko «garde-malade».

Ararrun kalmomi sun adana wannan tarihi. Likita da asibiti daga Ingilishi suke, sun hauro daga Nijeriya ta hanyar fatauci. A Nijar likita ta ɗauki ma'anar wurin ma, har mukan ce «an kai shi likita». Lokotoro daga «docteur» take, kuma a bakin mutanen karkara duk mai farar riga lokotoro ne, ko likita ne ko ma'aikacin jinya. Majo, daga «major», muƙamin soja ne da ya zama sunan shugaban ƙaramar likita. Mutane ba su ji buƙatar raba likita da «infirmier» ba, domin a idonsu aikinsu ɗaya ne: ba da magani. Ba su kuma kira «infirmier» mai jinya ba, domin ba su gan shi yana jinya ba. Lafazin «ma'aikacin jinya» da muke amfani da shi yau ƙirƙira ce ta rubutu da rediyo. Sai da aka jingina kalmar aiki ga jinya kafin ta nuna sana'a.

Cikin shekarun ƙarshe na mulkin mallaka an sami wurare biyu da suka shafi masu karaya na kudancin Nijar. Mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, tsakanin Ƙonni da Madawa. A hayin iyaka kuma aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, wanda mutanen Damagaram da Maraɗi masu hali suka san hanyarsa. Sunan da jama'a suka ba shi, asibitin ƙashi, shi ne fassarar «orthopédie» da ta fi zama a bakin Hausawa.

6. Daga 1960 zuwa yau

Bayan samun ƴancin kai, ƙasa ta horar da nata ma'aikata. An kafa makarantun kiwon lafiya a Yamai da Damagaram. Ta Yamai tana ɗauke da sunan Damure Zika, ma'aikacin jinya da duniya ta sani ta finafinan Jean Rouch. An buɗe sashen koyon likita a jami'ar Yamai a cikin shekarun 1970. Mata sun shiga aikin da yawa. A makarantun nan ana koyar da jinya cikakkiya, har da tsabtar jiki da ciyarwa da hana gyambon kwanciya. Tun cikin shekarun 1960 kuma, a jahar Maraɗi, aka gwada horar da mutanen ƙauye, «secouristes» da ungozomomi, su riƙe akwatin magani, tun kafin taron Alma-Ata na 1978 ya mai da wannan hanya manufar duniya. Wannan gwaji ya nuna ana iya ba wanda bai yi lakwal ba sani mai amfani cikin harshensa.

Amma abubuwa biyu sun hana jinya komawa hannun ma'aikata. Na farko kuɗi. Shirin Bamako na 1987 ya kawo tsarin biyan kuɗin magani, tsuke bakin aljihun gwamnati ya rage ɗaukar ma'aikata, sa'an nan aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan da ake sayowa waje suka yi tsada. Mai rakiya ya ƙara samun aiki: shi ke karɓar takardar magani, ya tafi kanti ya sayo bandeji da filasta da allura, ya nemo mai ba da jini. Na biyu yawan masu karaya. Tituna masu kwalta, da motocin haya, da baburan kabu-kabu da suka cika garuruwan kan iyaka, daga baya babura masu araha na ƙasar Sin, sun kawo irin karayar da maɗori na da bai saba gani ba: ƙashi ya farfashe, fata ta yage, ƙasa ta shiga raunin. Ma'aikaci ɗaya da ke tsaron ɗaki cike da gadaje cikin dare ba zai iya juya kowa ba. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, wanda aka buga a 2003, ya bayyana irin wahalar hulɗa da ke tsakanin masu ba da magani da masu nemansa a cikin wannan hali.

An sami ci gaba a fannin fiɗa. Ana sa ƙarfe cikin ƙashi, dabarar da Gerhard Küntscher ya fito da ita a Jamus wajen 1940, wadda ke rage kwanakin kwanciya. A 2010 an buɗe asibitin CURE a Yamai domin yara masu karkatattun gaɓoɓi, watau ma'anar farko ta kalmar Andry. Duk da haka jama'a da yawa suna fara zuwa wajen maɗori, wasu ma sukan ɗauke ɗan'uwansu daga asibiti su kai masa. Dalilan a fili suke: kusa yake, kuɗinsa kaɗan ne kuma ana iya biya sannu a hankali, yana magana da harshen da ake ji, ga kuma tsoron yankewa. Akwai dalili na biyar da ba a cika ambata ba: jinya a gida ta fi sauƙi ga dangi bisa ga barin gona da yara a je a kwana wata biyu a farfajiyar asibiti.

7. «Da sauƙi»

Yanzu mu koma ga ɗaurin da ya matse. Gaɓar da ta karye takan kumbura cikin kwana biyu ko uku na farko. Idan abin da aka naɗe ta da shi bai ba da wuri ba, ko karare ne ko filasta, matsi yakan hana jini isa ga tsoka. Likitoci suna kiran wannan «syndrome des loges». Bayan kamar sa'a 6 tsoka takan fara mutuwa, kuma ba ta dawowa. Ƙarshensa ko hannu ya shanye yatsu su ƙanƙance, abin da likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana a 1881, ko gaɓar ta ruɓe sai an yanke. Yaran da suka faɗo daga itace ko jaki suka karye a gwiwar hannu suna cikin waɗanda abin ya fi samu. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Alamomin ba su buƙatar na'ura: zafi mai ƙaruwa wanda magani ba ya kwantarwa, zafi mai tsanani idan an miƙe yatsu, kumburin yatsu, sanyinsu, sauyin launin farce, jin kamar tururuwa na tafiya ko rashin ji gaba ɗaya. Wanda ke zaune kusa shi zai fara gani. Haka sauran aikin: ɗaga gaɓar bisa matashi, hana filasta jiƙewa, hana cusa tsinke ciki don susa, juya wanda ke kwance kamar kowace sa'a 2 domin kada gyambo ya fito a ƙugu da diddige, lura da wari ko zazzaɓi. Wanda aka ja wa cinya da nauyi, kada a sauke nauyin ƙasa don tausayi, domin ƙashin zai koma ya hau kan ɗan'uwansa.

A nan ne harshe ya shigo kai tsaye. Tambayar da muke yi wa marar lafiya ita ce «ya jiki?», amsarta kuwa ɗaya ce: «da sauƙi». Gaisuwa ce, kamar «lafiya lau», ba rahoto ba ne. Mutum yana iya cewa da sauƙi yana cije leɓe. Tarbiyyarmu ta yaba dauriya da haƙuri, ta hana namiji raki, ta hana yaro ƙorafi gaban manya. Shi ma mai jinya, idan ya ji kuka, abin da al'ada ta sa a bakinsa shi ne «sannu, yi haƙuri, ɗori ya gaji haka». Ga kuma nauyin tada mai farar riga cikin dare, ko komawa wajen maɗori a ce masa ɗaurinsa ya matse. Ma'aikacin da ya yi karatunsa da Faransanci, idan ya tambaya «ya jiki?» ya rubuta amsar a takarda, ya rubuta gaisuwa ne a gurbin alama.

Hausa ba ta rasa kalmomin da za a yi tambaya ta gaskiya da su. Tana da zogi, da raɗaɗi, da suka, da tsami, da zugi mai bugawa kamar ganga. Tana da «ya mutu» ga gaɓar da ba ta ji. Tambaya kamar «zafin na yanzu ya fi na ɗazu?» ko «motsa mini yatsun in gani» ba ta karɓar «da sauƙi» a matsayin amsa. Waɗannan kalmomi suna bakin kowa, amma ba a tsara su a koyar ba.

8. Kammalawa

Mun ga cewa Hausa ta ba maɗori sunan mai sana'a, ta haɗa marar lafiya da mai kula da shi cikin kalma ɗaya. Mun ga cewa a Turai jinyar ƙashi ta zama sana'a tare da filasta da ƙarfe, amma a nan kayan sun iso, ma'aikacin da aka horar ya zama madadin likita, jinya ta zauna inda take. Tsadar magani da yawan hatsari sun ƙara wa mai rakiya nauyi. Babu alamar zai bar tabarmarsa nan kusa, kuma ba ma ganin dalilin korarsa: abin da yake yi na rarrashi da ciyarwa, babu albashin da zai saye shi. Abin da ya rage shi ne a san da zamansa, a ba shi sani.

A wannan aiki sashenmu yana da rabo. Muna ba da shawarar abu uku ga ɗalibai masu neman batun bincike. Na ɗaya, a tattara kalmomin ciwo da na ƙashi a kare-karen Adar, Gobir, Katsina ta Maraɗi, Damagaram da Arewa, daga bakin maɗora da masu jinya. Na biyu, a naɗi hirar da ke gudana a bakin gado, a ga inda gaisuwa ke rufe bayani. Na uku, a zauna da malaman makarantun kiwon lafiya a tsara gajeren bayani na alamomin hatsari, wanda za a faɗa da baki ga duk wanda ya rako mai karaya, a asibiti ko a zauren maɗori. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ana ta zancen ƙamus na shari'a da na mulki. Muna ganin ƙamus na bakin gado ya cancanci shiga sahun farko, domin sa'o'in da ke tsakanin kumburin yatsa da yanke hannu ba su da yawa.